Jagorar ADHD: yadda ake gane ta a yaro da babba, da yadda ake tafiyar da ita

Iyayen yaro mai ADHD, wato matsalar ƙarancin mayar da hankali da yawan motsi, sukan isa wurin likita ne bayan sun gaji. Sun yi nasiha, sun yi tsawa, wasu har sun ɗaga hannu, amma gari na wayewa sai a koma gidan jiya. Abin da ya fi ɗaure musu kai shi ne yaron ya san doka sarai. Tambaye shi abin da ya kamata ya yi idan ya dawo daga makaranta, zai jero maka tiryan-tiryan, sannan ya shiga ɗaki ya jefar da jaka ya mance da komai. Abin da ke gagararsa shi ne aikata abin da ya sani a daidai lokacin da ake buƙata. Haka babban mutum mai wannan matsala yake: ya san ranar miƙa aiki, abin yana damunsa, kuma ranar za ta zo ta same shi bai fara ba.

Matakan da ke ƙasa duk a kan wannan suka tsaya. Ƙarin wa'azi ba ya tsinana abin kirki. Abin da ke aiki shi ne a kai taimako wurin da ake yin aikin, a lokacin da ake yin sa.

Abin da ya kamata a fara sani

ADHD yanayi ne da ya shafi yadda ƙwaƙwalwa ke girma da yadda take sarrafa hankali, motsi da haƙuri. Alamominta kashi biyu ne. Akwai ƙarancin mayar da hankali: yawan mantuwa, ɓatar da kaya, kuskuren ganganci a aikin da mutum ya iya, fara abu a bar shi a rabi, ana yi masa magana kamar ba ya wurin. Akwai kuma yawan motsi da garaje: mutsu-mutsu a kujera, surutu ba ƙaƙƙautawa, katse wa mutane magana, ba da amsa tun ba a rufe baki ba, kasa jiran layi. Wani kashi ɗaya kawai yake da shi, da yawa sun haɗa duka biyun.

Ƙiyasin da aka fi yarda da shi a duniya shi ne kusan yara 5 cikin 100, manya kuma 2 zuwa 3 cikin 100. Masu ɗora laifin kacokan a kan wayar hannu su sani cewa wani likita ɗan Sikotland, Alexander Crichton, ya bayyana irin wannan rashin nutsuwar hankali tun 1798, likitan yara George Still kuma ya gabatar da laccoci a kan irin waɗannan yara a Landan a 1902. Sunan ADHD da ake amfani da shi yanzu a 1987 ya shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka.

Gado ne ya fi komai tasiri. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna cewa kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane a wannan hali daga ƙwayoyin gado yake, shi ya sa sau da yawa ana cikin bayanin halin yaro sai uba ko uwa su yi shiru, sun ji ana karanto tarihinsu. Haihuwar bakwaini, ƙarancin nauyi a lokacin haihuwa da gubar dalma suna ƙara haɗarin. A cikin ƙwaƙwalwa kuwa, lamarin ya shafi sinadaran dofamin da noradiranalin masu isar da saƙo, musamman a sashen gaba, wanda ke kula da tsari da taka wa kai birki. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2007 ya gano cewa a yara masu ADHD wasu sassan saman ƙwaƙwalwa sukan makara wajen kammala girma da kimanin shekara 3. A aikace, kada a sa ran ɗan shekara 10 mai wannan matsala ya kame kansa kamar tsararsa, ko da ya fi su ƙwaƙwalwa a lissafi.

Rashin tarbiyya ba ya haifar da ita, kodayake gida mai hargitsi da duka yana ƙara tsananta ta. Sukari ma an wanke shi: nazarin da ya tattara gwaje-gwaje da dama a 1995 bai samu shaidar cewa yana sauya ɗabi'ar yara ba. Sannan kada ya ruɗe ku cewa yaron yana iya shafe awa uku a kan wasan bidiyo bai motsa ba. Hankalin nasa yana bin abin da ke jan rai ne nan take. Juya shi zuwa aikin da ba daɗi, shi ne wahalar.

Mataki na farko: a lura, a rubuta

Kafin a je ko'ina, a ɗauki mako biyu zuwa uku ana rubuta abin da ido ya gani. A guji kalmomin hukunci irin su "ba ya ji" ko "malalaci ne", domin ba su gaya wa likita komai. A rubuta kamar haka: "Litinin, ƙarfe 5. Aikin gida na lissafi, tambaya 10. Ya yi biyu, ya tashi neman abin feƙe fensir, na same shi yana wasa da kyanwa. Ya tashi sau shida. Mun gama bayan awa ɗaya da rabi, yana kuka." A rubuta lokacin da ya kwanta da lokacin da ya tashi, a kuma rubuta wuraren da yake yin ƙoƙari, domin su ma hujja ne. A roƙi malaminsa ya yi irin wannan a aji.

A kula da 'ya'ya mata. Ana gano matsalar a yara maza kusan ninki biyu na mata, wani ɓangare na dalilin kuwa shi ne yarinya takan zauna shiru a bayan aji, hankalinta yana wata duniya, ba ta damun kowa. Sai a ce tana da kunya ko ba ta da ƙoƙari, a wuce.

Mataki na biyu: a kawar da abubuwan da ke kama da ita

Yaron da ba ya ji sosai ko ba ya ganin allo zai yi kama da wanda ba ya mayar da hankali, don haka a gwada kunne da ido. Rashin isasshen barci yana sa yara rawar kai maimakon gyangyaɗi. Yaro mai minshari da ɗaukewar numfashi cikin dare yana buƙatar a duba shi. Akwai wata irin farfaɗiya da ke sa yaro ya ƙame na 'yan daƙiƙoƙi yana kallon wuri ɗaya ba tare da ya faɗi ba. Ƙarancin jini, matsalar tayirod, fargaba, ciwon damuwa, cin zali a makaranta, rasuwa ko rabuwar iyaye duk suna iya watsa hankali. Idan halin ya ɓullo kwatsam a yaron da a baya yake lafiya lau, a fara neman dalili a nan. A kuma duba shekarunsa: bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa mafi ƙanƙanta a aji sun fi samun wannan laƙabi, alhali wasu ƙuruciya ce kawai.

Mataki na uku: ganin ƙwararre

Likitan yara, likitan ƙwaƙwalwa ko ƙwararren masanin halayyar ɗan Adam ne ke tabbatar da ita. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna ADHD. Duk wanda ya ce zai gano ta da na'ura kaɗai, a yi hattara da shi. Tarihi ake bi, da tambayoyin da iyaye da malamai ke cikewa, irin su na Vanderbilt ko Conners.

Ƙa'idar DSM-5 na 2013, wato kundin nan na likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, ita ce: alamomi 6 cikin 9 a kashi ɗaya ko a kowanne daga kashi biyun, ko 5 ga wanda ya kai shekara 17, sun ɗauki aƙalla wata 6, wasunsu sun bayyana kafin shekara 12, ana ganinsu a wuri biyu ko fiye, kamar gida da makaranta, kuma suna kawo cikas na gaske a karatu, aiki ko mu'amala. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya raba ta da ƙiriniyar da kowane yaro ke yi. A tambayi likita ko akwai wata matsala a tare, domin ADHD ba ta cika zuwa ita kaɗai ba: wahalar karatu ko lissafi, yawan gardama da bijirewa, fargaba, galahanga ko motsin gaɓa da mutum ba ya iya tsayarwa.

Idan an tabbatar, a gaya wa yaron da harshen da zai gane. Ya daɗe da sanin cewa akwai abin da ya bambanta shi da sauran, kuma idan ba a ba shi bayani ba, zai ba kansa: "ni daƙiƙi ne."

Mataki na huɗu: gyaran gida

Nan ne aikin yake, kuma ga yaran da ba su kai shekara 6 ba, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce da horar da iyaye kan sarrafa ɗabi'a ake farawa kafin a yi maganar magani.

A fara da yadda ake ba da umarni. Uwa tana wani ɗaki ta ɗaga murya: "Ka tashi ka wanke baki, ka sa kaya, ka ɗauko jakarka, kuma kar ka manta da littafin jiya!" Umarni huɗu ke nan, daga nesa, ga yaron da idonsa ke kan talabijin. Da ƙyar ɗaya ya isa. Sai ta zo kusa, ta kashe talabijin, ta dafa kafaɗarsa har ya dube ta, ta ce: "Je ka wanke baki." Ta ƙara da: "Me na ce?" Ya amsa: "In wanke baki, Mama." Da ya dawo ta ce: "Madalla, ka yi da faɗa ɗaya. Yanzu sa riga." Za a ga kamar ɓata lokaci ne, amma ya fi minti ashirin na ihu sauri.

Sai a fitar da tsari daga baki a mayar da shi bango, tunda gani ya kori ji. A zana jadawalin safe da hotuna ko gajerun kalmomi, matakai biyar ko shida, a manna a inda ake shiri. A tanadi wuri ɗaya tak na jaka da takalma kusa da ƙofa, a haɗa jaka tun dare. Lokaci ma a mayar da shi abin gani: agogon ƙidaya a kan tebur, a ce "idan ya yi ƙara, wasa ya ƙare," a kuma yi gargaɗi saura minti biyar. Sauyawa daga abu mai daɗi zuwa marar daɗi ita ce mahaƙar rigima a yawancin gidaje.

Aikin makaranta a gutsuttsura shi: minti 10 zuwa 15 na aiki, hutun minti 3 zuwa 5 na motsa jiki, a koma. A rufe sauran tambayoyin da takarda, a bar masa biyu kawai a gabansa. Idan ya fi son yin aiki a tsaye ko yana jujjuya wani abu a hannu, a ƙyale shi. Aikin ake nema, ba zaman ba.

Yabo da lada su zo nan take, su kuma ambaci abin da aka yi. Alkawarin "idan ka yi na ɗaya a ƙarshen zango zan saya maka keke" bai da ƙarfi a wurin yaron da gobe ma nisa take yi masa. A zaɓi halaye biyu ko uku kawai, a riƙa ba da maki duk lokacin da ya yi, ya canza makin da wani abu a ranar: ƙarin lokacin wasa, zaɓen labarin dare, fita tare da Baba. Ladan yakan gundure shi bayan 'yan makonni, sai a sauya, ba a watsar da tsarin ba. Wasu iyayen suna ƙyamar wannan, suna ganin kamar cin hanci ne. A ganina ba haka ba ne: cin hanci a tsakiyar rigima ake ba da shi don a yi shiru, wannan kuwa yarjejeniya ce da aka ƙulla tun kafin aiki.

Horo yana nan, amma gajere, sananne tun da wuri, kuma ba cikin fushi ba. Ƙananan abubuwa irin su ƙunƙuni a kau da kai. Manya irin su duka ko fasa kaya, a janye wata dama ta ranar, ko a sa shi zaman shiru na kimanin minti ɗaya a kan kowace shekara tasa. Duka ba ya gyara ADHD. Yana ƙara fushi da ƙarya da ɓoye laifi. A ware minti 10 zuwa 15 kullum na zama da shi a kan wasan da shi ya zaɓa, ba gyara, ba tambayar makaranta. Yaron da ke jin "bari" da "kai!" tun safe har dare yana buƙatar wani lokaci da ba a tuhumarsa.

Barci awa 9 zuwa 12 ga 'yan shekara 6 zuwa 12, awa 8 zuwa 10 ga matasa, a ajiye waya da talabijin awa ɗaya kafin kwanciya. Motsa jiki aƙalla minti 60 a rana, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ga 'yan shekara 5 zuwa 17.

Mataki na biyar: makaranta

A zauna da malami tun farkon zango, kafin matsala ta taso. A roƙi abubuwa kaɗan masu yiwuwa: kujera a gaba nesa da taga da ƙofa, umarni a rubuce a allo, wata alama ta sirri tsakaninsu don dawo da hankalinsa ba tare da kunyata shi ba, da aiken da zai ba shi damar tashi, kamar raba littattafai. Kada a hana shi fita hutu a matsayin horo, domin zai dawo aji ya fi da. Katin rahoton yau da kullum yana da amfani ƙwarai: manufa uku, malami ya sa alama a ƙarshen kowane darasi, a ba da lada a gida da yamma. Wasu ƙasashe suna da dokar da ta ba irin waɗannan ɗalibai ƙarin lokaci a jarrabawa, a tambaya.

Mataki na shida: magani

Daga shekara 6 zuwa sama, idan alamomin suna kawo cikas sosai, magani yana cikin abubuwan da suka fi ƙarfin hujja. Tun 1937 likita Charles Bradley ya lura a Amurka cewa maganin amfetamin yana nutsar da wasu yara masu matsalar ɗabi'a. A yau waɗanda aka fi bayarwa su ne metilfenidet, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Ritalin da Concerta, da dangin amfetamin. Suna taimaka wa kusan mutum 7 cikin 10. Mai gajeren zango yana aiki awa 3 zuwa 4, mai dogon zango awa 8 zuwa 12. Kamar tabarau suke: suna gyara gani muddin suna fuska, ba sa sauya idon. Shi ya sa ba a barin matakai na huɗu da na biyar don an fara shan magani. Babban binciken MTA da aka buga a 1999, a kan yara 579 na tsawon wata 14, ya nuna cewa maganin da ake bibiya da kyau ya fi horon ɗabi'a kaɗai rage ainihin alamomin, haɗa su biyun kuma ya ba da ƙarin fa'ida a wasu fannoni, kamar zaman yaro da iyayensa.

Likita yakan fara da kaɗan ya riƙa ƙarawa. Kafin nan zai auna tsawo, nauyi, bugun zuciya da hawan jini, ya tambayi tarihin ciwon zuciya ko mutuwar fuju'a a dangi. Illolin da aka fi gani: rashin son abinci, wahalar barci, ciwon kai ko ciki, da saurin fushi idan maganin ya fara saki. A ba yaro abincin safe mai nauyi kafin ya sha, a bar masa damar ci sosai da dare. Idan ya zama shiru-shiru kamar ba shi ba, ba nasara ba ce. A koma a gyara adadin ko a sauya.

Akwai kuma atomoksetin, guwanfasin da kilonidin ga wanda na farkon ba su karɓe shi ba. Atomoksetin yana ɗaukar makonni kafin a ga aikinsa, kuma ana sa ido a kan yanayin ran yaro domin a wasu 'yan kaɗan yana tayar da tunanin cutar da kai. Guwanfasin da kilonidin ba a tsayar da su farat ɗaya, saboda hawan jini. Game da tsoron jaraba: bincike bai nuna cewa shan maganin bisa umarnin likita yana ƙara haɗarin shaye-shaye ba. Amma magunguna ne da doka ke tsaronsu, a kulle su, kada a ba wani, kada a saya ba takardar likita.

Mataki na bakwai: idan kai ne babban

Da yawa ba sa rabuwa da ita idan sun girma, sai dai ta sauya kama. Tsalle-tsalle ya koma rashin sukuni a zuci. Sai makara, jan ƙafa, tarin ayyukan da aka faro ba a ƙarasa ba, kashe kuɗi ba shiri, sauya aiki akai-akai, da faɗin maganar da za a yi nadama. Akwai gajeren gwajin tantancewa na ASRS mai tambaya 6, wanda aka tsara tare da Hukumar Lafiya ta Duniya. Yana nuna ko ya kamata ka ga likita ne kawai, ba ya yanke hukunci. Ka tafi da tsofaffin rahotannin makaranta idan akwai, ko wani babba da ya san ƙuruciyarka, tunda sai an nuna alamun sun faro kafin shekara 12.

Dokar farko: kada ka amince da "zan tuna." Kalanda ɗaya, jerin ayyuka ɗaya, komai ya shiga a take. Ka sa ƙararrawar lokacin kama hanya, ba ta lokacin taro ba, kuma duk abin da ka ƙiyasta zai ci minti 20 ka ba shi 30. Aikin da ka kasa farawa yawanci bai fayyace ba ne. "Rubuta rahoto" ba abin da hannu zai kama; "buɗe fayil, rubuta kanun sassa uku" shi ne mataki. Ka ɗaura wa kanka minti 10 kacal, waya tana wani ɗaki. Mutane da yawa sun fi yin aiki idan wani yana zaune kusa yana nasa aikin, ko bai ce uffan ba.

Kuɗaɗen wata-wata a sa banki ya riƙa cirewa da kansa, babban saye kuma a jinkirta shi awa 24. A tuƙi, haɗarin masu ADHD ya fi na sauran direbobi, don haka waya ta shiga jaka kafin a tayar da mota. A zaman aure, a raba ayyuka a rubuce bisa abin da kowa ya fi iyawa, a yi zaman minti 15 a mako a duba kalanda tare, don kada ɗaya ya koma mai tuni kullum, ɗayan ya koma yaro. Jinyar sauya tunani da ɗabi'a wurin ƙwararre tana taimaka wa manya wajen tsari da kuma raunin zuciyar da shekarun zargi suka bari. Magungunan manya kusan iri ɗaya ne da na yara. Mai ciki ko mai shayarwa, da mai hawan jini ko tarihin shaye-shaye, su faɗa wa likita tun a zaman farko.

Bibiya

A farkon magani akan koma wurin likita duk bayan 'yan makonni har a daidaita, daga nan duk wata 3 zuwa 6, ana auna nauyi da tsawon yaro da hawan jini. Aƙalla sau ɗaya a shekara a zauna a duba ko har yanzu ana buƙatarsa. Lokutan sauyi, kamar shiga sakandare, jami'a, sabon aiki ko haihuwa, su ne tsarin da ya daɗe yana aiki yakan rushe, sai a sake tsara shi tun kafin a shiga. Ciwon ƙirji, suma, bugun zuciya mai tsanani, jin muryoyi ko ganin abin da babu, ko maganar kashe kai, ba a jiran ranar ganin likita: a tafi asibiti a ranar.